Ido a sama, ido a ƙasa: yadda ake neman tsuntsaye da naman kaza a tafiya ɗaya cikin daji

Mai neman tsuntsu idonsa yana sama, mai neman naman kaza idonsa yana ƙasa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya shiga daji yana son yin biyun a lokaci guda zai dawo bai ga komai ba sai bindin tsuntsayen da ya kora, ga naman kaza ya tattake bai sani ba. Dabarar ita ce a raba tafiyar gida biyu. Zuwa na tsuntsaye ne, daga wayewar gari zuwa wajen ƙarfe 9:30, lokacin da suke kuka da kiwo. Dawowa ta naman kaza ce, ta hanyar da aka bi, bayan hantsi ya ɗaga, tsuntsaye sun lafa a inuwa, haske kuma ya sauka ƙarƙashin itatuwa. Naman kaza ba ya tashi, zai jira ka.

Wasu na ware sunan naman kaza ga wanda ake ci, sauran su kira su laimar kwaɗi. A nan naman kaza na nufin danginsu duka, masu laima da masu manne wa itace da masu kama da ƙwallo, don haka sunan ba izinin ci ba ne.

Wuri da lokaci

Wurin da ya fi dacewa shi ne inda daji iri biyu ko uku suka haɗu cikin 'yar gajeriyar tafiya. Dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 a arewa maso gabashin Jos, misali ne mai kyau. Faɗinsa kusan hekta 300 ne kawai, amma akwai duwatsu, akwai fili mai ciyawa da ƙananan itatuwa, akwai kuma kurmi da ke bin rafi, shi ya sa aka lissafa tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos. Wuri ne da ake karewa, sai da izini ake shiga. Idan Jos ta yi maka nisa, nemi mai kama da shi a yankinku: gindin dutse mai itatuwa, bakin fadama, tsohon gandun daji. Ka fara gaida mai unguwa ko ma'aikatan gandun, ka tambayi halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba, ka kuma nemi ɗan gari ya raka ku. Manomi ko maharbin da ya tashi a wurin ya san ɓauren da ke nuna da surin da ke fid da naman kaza, abin da kai za ka shekara ba ka gano ba.

Watannin da abubuwan biyu ke haɗuwa su ne Yuli zuwa Satumba. Ƙasa ta ƙoshi da ruwa, mazan tsuntsaye da yawa sun sa gashin aure. Ranar da ta fi ita ce kwana biyu ko uku bayan ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, da safiyar da ba iska. Kashegarin ruwan farko ba a cika samun komai ba, domin abin da muke kira naman kaza 'ya'ya ne kawai. Uwar tana cikin ƙasa ko cikin itace, wani farin zare ne siriri mai kama da saƙar gizo, kuma sai ta sha ruwa na kwanaki kafin ta tura 'ya'ya waje. Iska kuwa ɓata neman tsuntsu take: ganye na motsi ko'ina, kuka ba ya jiyuwa.

Kada ka auna tafiyar da nisa. Kilomita biyu zuwa, biyu dawowa, ya ishi awa biyar. Mutum uku ko huɗu sun isa ayari. Da an kai takwas an zama kasuwa.

Kayan da za ka riƙe

Madubin hangen nesa shi ne babban kayan aiki, kuma wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya fi dacewa. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske a duhun kurmi. Mai lamba 10 ya fi kusantowa, amma rawar hannu ta fi bayyana a cikinsa, kuma filin da yake nunawa ya fi ƙanƙanta, sai ka yi ta laluben tsuntsu a reshe har ya tashi. Kafin ka biya kuɗi, ka duba turken lantarki mai nisa da shi: in ka ga turken ya zama biyu, ko idonka ya fara ja da ciwo, bututun biyu sun goce wa juna, ajiye shi. Saita shi sau ɗaya ake yi. Rufe idon dama, juya ƙugiyar tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke kan idon dama shi kaɗai har ya daidaita. Daga nan ƙugiyar tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Sauran ba su da tsada: ƙaramin littafi da fensir, don biro na narkewa a jiƙaƙƙiyar takarda, 'yar wuƙa, ƙaramin madubin fuska, tsinken ashana don gwada girma a hoto, tsohuwar jarida ko ambulan, ruwan sha lita ɗaya da rabi, sanda. Leda a ajiye ta don kare waya daga ruwa kaɗai. Naman kazan da aka ƙulle a leda gumi yake yi, kafin azahar ya zama kunu. Tufafi masu ruwan ƙasa ko kore-kore, dogon wando a cusa cikin safa, takalmi mai rufe idon sawu. Farar riga ana hango ta tun daga nesa, rigar ruwa mai kwaramniya kuma tana sanar da zuwanka. A tsaunin Jos asubar damina da sanyi, a ɗauki rigar ɗumi.

Zuwa: tsuntsaye

Ka isa bakin hanya gari na fara haske, wajen ƙarfe 6:00. In da zaɓi, bi hanyar da ta nufi yamma, rana ta zauna a bayanka. Tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙi ne ƙirin, ko da ja ne kamar garwashi.

Minti goma na farko kada ka ɗaga madubi. Tsaya ka saurara. A daji mai duhuwa kunne ne ke fara gano yawancin tsuntsaye, ido ya biyo baya. Daga kan duwatsu za ka ji kazar dutse, garke guda suna fito tare, muryar na hawa tana hawa. Daga cikin ciyawa ragon maza zai yi nasa, bu-bu-bu-bu yana gangarowa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Kulkulu na ƙyalƙyala a saman itace, cilakowa na busa siririn fito. Akwai wani ɗan mitsitsi mai ɗigon rawaya a goshi da ke wuni yana tonk-tonk-tonk kamar maƙeri na dukan uwar maƙera. Da wuya ka gan shi, amma ka neme shi inda kauci yake, don 'ya'yan kauci ne abincinsa. Ka ɗauki kuka ɗaya, ka bi shi har ka ga mai shi yana buɗe baki. Kukan da ka haɗa da fuska ba ya ɓace maka. Uku a rana sun wadatar.

Tafiyar kanta a hankali ake yin ta, taku ashirin a tsaya, kuma duk mita 200 a yi tsayuwar minti biyar a inuwa, baya jingine da itace don kada siffarka ta fito fili. Abin da ke korar tsuntsu motsin bazata ne, musamman ɗaga hannu a nuna. Da baki ake nuni, a hankali: itacen ɗorawa na dama, reshen da ya bushe, daga ƙarshensa ka dawo kamu biyu. Masu wannan sana'a kan ɗauki kan itacen kamar fuskar agogo, su ce yana ƙarfe biyu ko ƙarfe tara.

Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuya ya kalli madubin da ke ƙirjinsa, ya ɗaga, ya rasa wurin. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin ga idon ba tare da kai ya motsa ba. A gwada a gida a kan tattabaru har hannu ya saba.

Da ka same shi, kada ka yi hanzarin buɗe littafi ko waya. Tsuntsun na iya ba ka daƙiƙa biyar kacal, littafi kuwa yana nan har dare. Fara da girma, ka gwada shi da waɗanda ka sani: kamar gwara yake, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo? Sai baki, wanda shi ne ke faɗin danginsa. Gajere mai kauri na masu fasa tsaba ne. Siriri miƙaƙƙe na masu cin ƙwari. Dogo lanƙwasasshe kamar lauje na sha-kauci ne, masu zuƙar ruwan fure. Mai ƙugiya na shaho da danginsa. Bayan baki sai bindi, tsawonsa da yadda yake kaɗa shi, sai ƙafa, sai abin da yake yi: tafiya yake ko tsalle, a ƙasa yake kiwo ko yana kai sura daga reshe ya dawo inda ya tashi? Launi ne na ƙarshe, kuma a faɗi inda launin yake. "Ja ne" ba ta kai ka ko'ina. "Jan ƙirji, kai ruwan toka, baki shuɗi-shuɗi" ta kusa kai ka ga suna.

Ga dalilin wannan tsanantawa. Kowa ya san ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki. A duwatsun Amurum akwai ɗan'uwansa da masana ba su bayyana shi a matsayin iri na daban ba sai a 1998. In ka kalle shi sama-sama za ka ce na gida ne. Bambancin yana baki da baya: na gida bakinsa ja-ja ne, na dutse bakinsa ruwan toka mai shuɗi, kansa toka-toka, gadon bayan namijin kuma ja ne kamar jini. Na dutsen bibbiyu suke yawo a gindin duwatsu inda ciyawa ta haɗu da sarƙaƙiya. Wajen ƙarshen damina kuma, ka duba ƙololuwar itatuwan wurin, za ka iya ganin wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da farin baki yana ta rera waƙa. Wannan ba ya yin sheƙa. Macensa a sheƙar jan tsuntsun dutse take zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe su rena mata, ɗan kuma ya tashi da waƙar masu renonsa a baki. Danginsa suna da yawa kuma kusan kamarsu ɗaya, ta waƙar da namiji ke kwaikwaya ake rarrabe su. Don haka in ka gan shi, ɗauki muryarsa a waya ko ta rabin minti ce; ta fi hoto amfani.

Damina tana sauƙaƙa wani abin, tana rikita wani. Namijin mulufi a Agusta ja ne da baƙi, yana kumbura gashi a kan karan ciyawa, ba mai kuskure shi. Macensa kuwa ruwan ƙasa ce mai zane-zane, haka 'ya'yan, haka shi kansa namijin zai koma da rani. Idan ka ga garken ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, nemi namijin da ke cikinsu, shi zai gaya maka su wane ne. In babu, rubuta abin da ka gani ka bar gurbin suna a buɗe. Gurbi ya fi sunan ƙarya.

Wurare uku sun cancanci zama na rabin awa: ɓaure ko cediya mai nunannun 'ya'ya, itacen da kauci ya yi fure a kansa, da ɗan kwarmin dutse mai ruwa. A ɓauren bakin kurmi ne ake dacewa da wani babban tsuntsu mai ruwan makuba, goshi rawaya, wanda ba ka sanin kyansa sai ya buɗe fiffike ka ga ja wur. In kuma ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a wuri ɗaya suna ta tsiwa, to sun ga mujiya ko maciji ne. Dama ce ta ganin iri biyar ko shida a reshe guda, amma daga nesa, kuma ka duba gabanka kafin ka taka.

Manhajar Merlin na taimakawa wajen kamanta hoto, sai dai shawara take bayarwa, ido ne ke yanke hukunci. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi kuwa, a bar shi a damina. Namijin zai baro sheƙa ya zo faɗa da abokin gaban da babu shi, ƙwai na sanyi. Sheƙar da ka gani ma kada ka buɗe ganyen da ya rufe ta. Sawunka da karyayyen reshe su ne ke nuna wa hankaka da maciji hanya.

Dawowa: naman kaza

Rataye madubin a baya, sha ruwa, ka juya. Yanzu idonka bai wuce taku uku a gabanka ba, dama da hagu. Ka riƙa tsugunawa, domin daga tsaye hular naman kaza da busasshen ganye kamarsu ɗaya, amma daga tsugune za ka ga ƙafa da inuwar laima. In ka ga ɗaya, kada ka miƙe. Uwar da ta fid da shi ta bazu a wurin, kusan kullum akwai wasu a kewaye.

Tambayar farko ita ce: a kan me ya fito? Amsarta rabin gane shi ce, kuma ita ce aka fi mantawa a rubuta.

Na kan matacce ko ruɓaɓɓen itace su suka fi sauƙin samu. Akwai 'yan ƙanana farare masu gashi-gashi, siffar mafici, faɗinsu bai wuce santimita huɗu ba, jere a kan reshe. Da rani su ƙanƙance, ruwa na taɓa su su sake buɗewa. Akwai masu kama da kunne, ruwan ƙasa, masu laushi da santsi. Akwai baƙaƙen dunƙule kamar gawayi, sau da yawa a itacen da gobara ta taɓa, waɗanda in ka tsaga za ka ga zobe cikin zobe kamar albasa. Sai babban nan mai tauri da ke fitowa a gindin itace kamar rabin faranti, samansa ja mai duhu yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ƙasansa fari mai ƙananan huji, in ka karce da farce wurin ya koma ruwan ƙasa. Shi ne masana ke kira Ganoderma. Ganinsa a gindin itace mai rai alama ce cewa cikin itacen na ruɓewa, kada a zauna ƙarƙashinsa in hadari ya taso.

Na kan kashin shanu ƙanana ne, masu saurin mutuwa. Wasu hularsu narkewa take ta zama baƙin ruwa kamar tawada kafin rana ta take. A nan ne kuma, ko a kan ruɓaɓɓun tsinke, ake samun wani abin sha'awa da sai an durƙusa: 'yan kofuna da ba su kai santimita ɗaya ba, kowanne da ƙwayoyi a ciki, sak sheƙar tsuntsu da ƙwai. Ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa cikin kofin ya watsa ƙwayoyin waje. In kuma wari kamar na mushe ya buge ka a kurmi, bi ƙudaje: wani ne mai tsayuwa kamar tabarya, kansa da yauƙi mai wari, wani irinsa har da farin raga yana sauka kamar siket. Daga wani abu mai kama da ƙwai yake fashewa da safe, kafin yamma ya kwanta.

Na ƙasa zalla a ƙarƙashin itatuwa, a duba wane itace ne. Doka da kawo suna ƙawance da wasu irin naman kaza ta saiwa: zaren na naɗe saiwar, yana ba itacen ruwa da gishirin ƙasa, itacen na ba shi abinci. Shi ya sa dajin doka a Agusta ya fi gonar mangwaro yawan manyan naman kaza nesa ba kusa ba. A nan za ka ga masu jar hula da ƙafarsu ke karyewa ƙas kamar alli, da masu fid da farin ruwa kamar nono in an yanka, da masu soso a ƙarƙashin hula waɗanda wasunsu kan rikiɗe shuɗi cikin daƙiƙu in iska ta taɓa yankan.

Sai na gara, wanda ya fi kowanne daraja a wurin masu ci, masana na ce masa Termitomyces. Gara ce ke noma shi. Tana tauna busasshiyar ciyawa da itace, ta gina wani abu kamar soso a ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa, zaren naman kazan ya narkar da shi, ita kuma ta ci. Da damina sai ya turo kai ya huda ƙasa. Alamominsa: tsakiyar hula na da tsini mai tauri, da shi ya huda ƙasar, ƙafar ba ta ƙarewa a fuskar ƙasa, tana zarcewa siririya kamar wutsiyar ɓera har ɗakin garar, wani lokaci fiye da kamu guda, garin irinsa da ke zuba daga ƙarƙashin hula kuma ruwan hoda ne mai haske. Ba lalle a jikin suri yake fitowa ba, yana iya ɓullowa taku da yawa daga nan, kuma yakan dawo wuri ɗaya kusan lokaci ɗaya kowace shekara. Akwai ƙaramin irinsa fari da ke fitowa ɗaruruwa a dare ɗaya kamar an watsa shinkafa, shi ba shi da doguwar wutsiyar. A Zambiya akwai wanda hularsa kan kai kusan mita ɗaya.

Yadda ake duba guda ɗaya kuwa, kafin ka taɓa shi ɗauki hotonsa a inda yake, da tsinken ashana a gefe. Zura madubin fuska ƙarƙashin hular ka ga abin da ke nan: shafuka ne jere kamar na littafi, ko huji kamar soso, ko ƙayoyi? Shafukan sun manne da ƙafa, sun gangaro a jikinta, ko sun tsaya nesa da ita? Hoton saman hula kaɗai ba ya gane wa kowa komai, kuma shi ne mutane suka fi turowa. Rana mai ƙarfi na wanke launi, don haka yi masa inuwa da jikinka, ka taɓa fuskar wayar a daidai hular don ta fito sosai.

In wurin an yarda a cira, ciri ɗaya babba da ɗaya ƙarami, ka bar sauran. Kada ka fizge, kada ka yanke a fuskar ƙasa. Soka wuƙa ta gefe ka ɗago shi da gindinsa duka, domin alamar da ta fi kowace muhimmanci a binne take: ko gindin na zaune cikin wata jaka kamar ɓawon ƙwai, ko ya kumbura kamar albasa, ko ya zarce da wutsiya. Duba ko akwai zobe a wuyan ƙafar. Tsaga shi biyu daga sama har ƙasa, ka ga ko cikin ƙafar rami ne, ko launi ya sauya, ko ruwa ya fito. Sansana, ka rubuta. Naɗe kowane iri a takardarsa daban da lamba. Taɓawa da hannu ba ta sa guba, amma a wanke hannu kafin a ci guzuri.

A gida sai gwajin garin iri. Yanke ƙafar, ka kifa hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi don kada iska ta kwashe, ka bar shi awa shida ko kwana. Da ka ɗaga za ka ga zanen shafukan da gari: fari, ruwan hoda, ruwan ƙasa, baƙi ko kore. In ba abin da ya zuba, ko hular ta yi ƙuruciya, ko ta tsufa, ko ta bushe a hanya. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a samanta ka sake gwadawa. A ajiye inda yara da kaji ba sa kaiwa.

Maganar ci

Wannan tafiya ta kallo ce, kuma a nan ba sassauci. Kama da wane ba wane ba ne. Akwai wani babban fari mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a wuya, da ke fitowa a filin ciyawa, a makarantu da bakin gonaki, sau da yawa a jere kamar da'ira. Sunansa a wurin masana Chlorophyllum molybdites. Yana ƙarami shafukansa farare ne, kyakkyawa kamar na ci. Sai ya manyanta suke komawa kore-kore, garin irinsa kuma kore ne. Yana sa amai da gudawa mai tsanani cikin awa ɗaya zuwa uku. Fitowa kusa da suri ba ta mai da shi na gara.

Wanda ya fi shi haɗari yana cikin dangin Amanita, masu fararen shafuka, zobe a wuya, da jaka a gindi. Wasunsu na ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma hula ɗaya na iya kashe babban mutum. Muguntar dafin ita ce jinkiri: awa 6 zuwa 24 ba a jin komai, sai amai da gudawa, sai mutum ya ji sauƙi kamar ya warke, a kwana na uku ko na huɗu ido ya yi rawaya, hanta ta gaza. Wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace ma suna da irin wannan dafi. Tafasawa ba ta kashe shi, haka suya, haka shanya. Cewa wai in tsutsa ko dodon koɗi sun ci to mutum ma zai iya, ko wai cokalin azurfa na baƙi in akwai guba, duk ba gaskiya ba ne. Manhajar waya ma ba a ɗora rai a kanta. Masu cin naman kaza a ƙauye iri biyu ko uku suka sani, a dajinsu, daga hannun iyayensu. Ilimin nan ba ya bin mutum zuwa wani daji.

In wani ya riga ya ci, a tafi asibiti nan take, ko bai fara jin komai ba. Kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira a gani. A riƙe ragowar naman kazan, ɗanye ko dafaffe, da hotunan, a kuma faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci da ƙarfe nawa ciwon ya fara.

Inda hannu da ƙafa ke shiga

Mai neman naman kaza yana kai hannu daidai inda maciji ke kwana: ƙarƙashin gungume, cikin tarin ganye, ramin tsohon suri. Sanda ce ke fara shiga, hannu ya biyo. Gungume ana mirgino shi ta wajenka, ya zama katanga tsakaninka da abin da ke ƙasa, sannan a mayar da shi yadda yake. Kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da ganye. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta na hana jini daskarewa. In an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. A san wannan asibiti tun kafin a fito. Falalen dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi bayan ruwa, kuma da an ji tsawa a sauko daga kan dutse, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. An dawo gida a duba kaska a bayan gwiwa, ƙugu da hammata.

Rubutun ranar a kammala shi kafin a kwanta: kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, sannan kowane tsuntsu da adadinsa, kowane naman kaza da abin da ya fito a kai. Sunan da ɗan rakiya ya faɗa a rubuta shi yadda ya faɗa, da garinsu, don sunan tsuntsu ɗaya kan bambanta tsakanin Zariya da Damagaram. Jerin tsuntsaye na shiga shafin intanet na eBird, ko shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, wanda ke karɓar bayanai ta manhajar BirdLasser; hotunan naman kaza kuma shafin iNaturalist, inda masana za su nemi ganin gindi da ƙarƙashin hula kafin su ce komai. Sai a sake bin hanyar nan a tsakiyar Oktoba. Naman kazan ƙasa za su ja baya, saura masu tauri na jikin itace, amma a lokacin ƙananan tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai sun fara sauka a sarƙaƙiya, masu ruwan ƙasa, marasa ado, ba sa yawan kuka, sai an zauna kusa da itace mai ƙananan 'ya'ya an jira su.